Mahaɗi Na Bakwai: Ta'aziyyar Dawo-Gobe Mai Walda

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mutumin da duk masu jan kaya da keke a garin nan suka sani da Dawo-Gobe mai walda. Ya rasu a ɗakinsa yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar ƙirji ta mako biyar. Ina bakin kasuwa ina kwance igiya daga kan kwalayen sabulu lokacin da mai faci ya tsallako titi ya gaya mini. Na ƙarasa kwance igiyar, na naɗe ta yadda na saba, na sauke kwalaye goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, sannan na kama hanyar gidan. Yau kwana goma ke nan.

Abokina, an ce in rubuta wani abu a kanka, tunda ni na fi kowa cinye bencin shagonka da zama. Na ɗauki biro na ajiye ba adadi. Ba kuka ke hana ni ba, don ban yi ba. Jikina ne ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta: ina ganinta, ina taɓa ta, amma ba na jin ta. To bari in faɗi abin da na sani yadda ya zo, har da wanda ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Wanda bai san sana'armu ba, ga ta a taƙaice. Mukan ɗaura 'yar amalanke mai taya biyu a bayan keke, mu ja kayan mutane daga kasuwa zuwa shaguna da gidaje. Tsakanin keken da amalanken akwai wani ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. Ana ɗaure shi da noti a gefen tayar baya, hannun amalanken ya shiga cikinsa, a zura fil. Shi muke kira mahaɗi. Ba mai kallonsa. Mutum zai wanke kekensa, ya sa masa madubi da ƙararrawa har da furen roba, amma bai taɓa sunkuyawa ya dubi abin da ke riƙe da buhu huɗu a bayansa ba, alhali kullum sai ya bi gangaren nan mai sauka zuwa gada. Kai kuwa shekara arba'in da ɗoriya ka yi a sunkuye a kan wannan ɗan ƙarfen.

Kakan ce nauyi ba ya kashe mahaɗi, girgiza ce ke kashe shi. Ramin titi ya fizge shi, kwana ta murɗe shi, birki ya danne shi, sau dubu a yini, kamar mai lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke a hannunsa. Shi ya sa naka yake da gaɓa mai juyawa ta kowane ɓangare, ko keke ya faɗi amalanke tana nan tsaye. In ka gama kuma sai ka buga masa ɗigo uku a gefe da tsinin ƙusa, don in ya ci amanar wani a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Sunan da aka sa maka daga gwajinka ya fito. Ba ka taɓa sallamar mahaɗi ranar da ka yi shi ba. Sai ka ɗaura shi a tsohon kekenka, ka loda bulo shida a amalanke, ka bi lungun bayan shago mai kwazazzabai ka je ka dawo sau uku. Sannan ka rataye shi da zare ya kwana. Da safe ka ɗauki 'yar gudumarka ka ƙwanƙwasa shi, ka karkata kai. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara mai tsawo, tana tafiya tana sirancewa. Wanda ya tsage a ciki, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, ƙararsa gajera ce, kamar an bugi kaskon da ya fashe. Ido ba ya ganin irin wannan tsagar, bulo shida ma ba sa tona ta a yini ɗaya. Kunne kaɗai ke kama ta.

Ina zaune wata rana wani mai jan katifu ya zo yana ta duba agogo.

Ya ce, "Malam, ai na ga ka gama."

Ka ce, "Ni na gama. Shi ne bai gama ba."

"Wa?"

"Ƙarfen. Dawo gobe."

Ya yi tsaki ya tsallaka wurin wani mai walda, aka yi masa nan take yana tsaye. Ba a rufa wata ba, yana cikin gangaren gada sai ya ga katifunsa sun wuce shi ta hannun dama, shi kuma yana ta taka feda. Da ya dawo shagonka yana sunne kai, ba ka ce masa ai na gaya maka ba. Ka matsa masa a benci, ka zuba masa shayi, ka karɓi karyayyen mahaɗin ka daɗe kana juya shi kamar likita da hoton ƙashi. Daga bisani ka rataye shi a bango tare da 'yan'uwansa. Bangon nan yana nan har yau, karyayyun ƙarafa sun fi sittin, kowanne ka san wanda ya kayar da inda ya kayar da shi.

Gudumar nan a aljihunka take kwana. Ko gaisuwar mara lafiya za mu, in ka ga keke da amalanke a jingine sai ka tsuguna ka ƙwanƙwasa, naka ne ko na wani. An sha zaginka a kan haka. Wani ya taɓa ɗauka ɓarawo ne ke kwance masa taya, ya fito da taɓarya, ya tarar da dattijo mai furfura yana gaya masa fil ɗinsa ya cinye saura kaɗan. Akwai mai jan ruwa da ƙafarsa ɗaya ta shanye, ka yi kwana huɗu kana sauya masa wurin mahaɗi har ka samo inda nauyin ba zai riƙa karkatar da shi ta ɓangaren ƙafar ba. Lokacin da mai ɗakina ta rasu, mutane sun zo sun yi mini nasiha mai yawa, Allah Ya saka musu. Kai kwana uku ka yi kana zuwa ba ka ce uffan ba. Rana ta huɗu na fito na tarar ka kwance kekena kaf, ka wanke, ka sa giris, ka mayar. Ka ce, "Tsoho, hau. Zama ba ya rage komai." Tsoho kake ce mini, alhali ka ba ni shekara biyu.

Yanzu na zo inda biron ke yi mini nauyi.

Shekara shida da suka wuce kunnenka ya fara tafiya. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye shi a hankali. Ba wanda ka gaya wa sai ni. Daga nan kullum da safe kafin in tafi kasuwa nakan biyo ta shago, kai ka buga, ni in saurara. In na gyaɗa kai a sallami ƙarfe, in na girgiza ka mayar da shi wuta. Masu keke suna ganin zaman hira ne na tsofaffi biyu. Ni kuwa abin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jan kwalin sabulu, ga shi yau sai ya gyaɗa kai ake sallamar aikin Dawo-Gobe.

Abin da ban gaya maka ba shi ne, tun bara nawa kunnen ma ya fara bin naka. Jikokina sun lura, suna ta ƙara mini murya kamar masu kiran awaki. Na ce wa kaina ai ƙarar ƙarfe daban ce, wannan ina jin ta. Ƙarshen watan Nuwamba ka samo wani sandan ƙarfe mai sheƙi a wurin masu gwangwan, ka yaba da taurinsa, ka fitar da mahaɗi bakwai daga cikinsa. Ashe irin ƙarfen nan ne mai tsananin tauri da ba ya son wutar walda, yana hucewa yake tsagewa a gindin ɗinkin waldar. Da safe ka rataye su a jere, ka bi su ɗaya ɗaya da guduma kana kallon fuskata. Na ji wani abu, ban san ko doguwa ce ko gajera ba. Na gyaɗa kai sau bakwai.

Mako shida bayan haka na farko ya karye a ƙarƙashin wani mai jan ƙwai, a tsakiyar gangaren gada. Allah Ya taƙaita, amalanken ta kauce ta faɗa kwata, ba ta sami kowa ba, sai dai titi ya sha ƙwai har ƙudaje suka gode. Da aka kawo maka guntayen ka dubi bakin karayar, rabinsa ya yi tsatsa, alamar tsagar ta daɗe. Ka dube ni. Na buɗe baki na gaya maka gaskiya, a makare.

Na so ka zage ni. Sai ka yi wata 'yar dariya ka ce, "Ashe kurma ne ke yi wa kurma tafinta." Ka ƙara da cewa, "Ɗigon da ke jiki nawa ne, Tsoho, ba naka ba. Tashi, saura shida a kan titi."

Ranar ka rufe karɓar sabon aiki. Ka sayo ƙarfen da ka saba da shi, ka yi bakwai sababbi. Da aka zo gwaji muka tsaya muna kallon juna, sai ga maiɗakinka ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa shagon da gida. Ta ce, "Ku buga in ji." Ka buga. Ta ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau. Na gaba." A na biyar ta ce a sake, aka sake, ta ce a mayar da shi wuta. Ka tambaye ta a ina ta koya. Ta ce, "Shekara arba'in ina jin gudumar nan ta kan katanga, ina wanki ina jin ta, ina goyo ina jin ta. Wa ya tambaye ni?"

Ka bai wa mai ƙwai nasa, ka ba shi haƙuri a gaban mutane. Sauran biyar duk 'yan tasharmu ne, cikin kwana takwas muka bi su muka sauya musu, kai a kan tsohon kekenka kana tari, ni a bayanka da jakar sifana. Na bakwai ne ya gagara. Wani baƙo ne ya saye shi, dogo, mai tabarau, ba ɗan sana'armu ba. Ya ce amalanken ta gida ce. Kai kuma ba ka taɓa rubuta sunan kowa ba, fuska kake riƙewa, don a ganinka duk wanda ya sayi mahaɗinka zai dawo a ƙwanƙwasa masa. Wannan bai dawo ba.

Muka zaga kasuwanni uku, muka tsuguna a gindin keke ya fi ɗari muna neman ɗigo uku. Muka bar saƙo wurin masu faci. Kana cikin haka ƙirjin ya kayar da kai. Mako biyar ɗin nan duk wanda ya shigo gaishe ka, kafin ya zauna ka tambaye shi ko ya ga wani dogo mai tabarau da amalanke. Wasu suka ɗauka zafin ciwo ne. Ka sa aka kawo sabon mahaɗin na bakwai aka ajiye a kan taga inda kake ganinsa. Ranar Lahadi, zuwana na ƙarshe, ka kama hannuna ka ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, "Ban san abin da yake ɗauka ba, Tsoho. Abin da ke hana ni barci ke nan. In bulo ne da sauƙi." Na ce za a same shi. Ka ce, "Kada ka gyaɗa mini kai. Nemo shi."

Bayan an kai ka makwancinka na ci gaba da fita, ba don ina sa rai ba, sai don ban san abin da zan yi da safiyata ba. Ina tafiya ina tsugunawa, gwiwoyi suna ƙara, ina tashi. Kwana shida a haka. Ina ci, ina sallah, ina amsa gaisuwa, duk kamar wani ne ke yi ina kallonsa.

Babbar 'yarka, malamar asibiti, ita ta warware. Ta koma aiki ranar Litinin, da azahar ta kira ni.

Ta ce, "Baba, akwai wani mutum da ke kawo matarsa wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. A amalanken keke yake kawo ta, ya sa mata kujera da laima. Dogo ne, da tabarau."

Na ce, "Kin ga ɗigon?"

"Ba a ganin komai. Ya naɗe wurin da baƙar roba."

Nan na gane yadda muka yi ta wuce shi. Halinmu ne mu masu keke, in mahaɗi ya fara ƙwaƙwas-ƙwaƙwas sai mu yanko tsohon tub na taya mu naɗe shi tam, ƙarar ta ɗauke, hankali ya kwanta. Robar tana riƙe ruwa, tana ɓoye tsatsa, tana rufe bakin ƙarfen da ke ƙoƙarin gaya maka ba shi da lafiya. Mu kuma ɗigo uku muke nema, duk wanda muka gani a naɗe sai mu ce ba naka ba ne, don mun san wanda ya san ka ba zai yi haka ba. Mun manta wannan bai san ka ba.

Jiya Alhamis na karɓi mahaɗin daga kan tagarka, na je na zauna a ƙofar asibitin tun safe. Wajen sha ɗaya suka fito. Matar 'yar ƙarama ce, ta rame, yana riƙe da ita kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Ya zaunar da ita, ya gyara mata matashi. Na yi sallama na ce ina so in duba ƙarfen da ke ƙarƙashin robar nan.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, lafiya? Ba na sayarwa ba ne."

Na ce, "Na sani. Me ya sa ka naɗe shi?"

"Ƙara yake yi, tana sa mata ciwon kai."

Matar ta ce, "Ni ban ce ka naɗe ba. Cewa na yi ka kai a duba."

Ya ce, "To ga shi an zo dubawa har inda kike, ranki ya daɗe."

Na sa wuƙa na yanke robar. Ga ɗigo uku. Ban ko taɓa guduma ba, wannan ba ya bukatar kunne. Tsagar ta ci fiye da rabin ɗinkin, bakinta ja da tsatsa, har farcena yana shiga. Na nuna masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Na tambaye shi ta ina suke bi zuwa gida. Ya ce ta gada. Sai ya zauna a kan dakalin ƙofar asibitin, hannayensa a kan gwiwa.

Na sa sifana na kwance tsohon, na ɗaura sabon, na zura fil. Matar ce ta tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce mai waldan da ya yi shi, ya gano kuskure a aikin, ya yi wata biyu yana nemansu. Ta ce to me ya hana shi zuwa da kansa. Na gaya mata.

Mijin ya ɗago ya ce, "Yaushe?"

"Talatar makon jiya."

Ya ce, "Ko sunansa ban sani ba. Sau biyu kawai na gan shi. Ya ce in dawo bayan wata ɗaya a duba, na ce to, ban koma ba." Ya ɗaga hannu, matar ma ta ɗaga nata daga cikin kujerar, suka yi maka addu'a a nan bakin titi, masu babur suna ta wucewa.

Na bi su a baya da kekena har gangaren. Yana riƙe da birki, laimar tana rangaji, ni idona yana kan ɗan ƙarfen nan. Ya lanƙwasa a kwanar farko, ya dawo daidai. Ya shiga ramin da ke gaban shagon mai fenti, ya fito. Suka hau gada, suka tsallake, matar ta ɗago hannu ba ta waiwayo ba. Na tsaya a nan na ɗan jima, sannan na juya na kai wa maiɗakinka tsagaggen. Ta karɓa ta juya shi, ta ce, "Mutum yake ɗauka?" Na ce mutum. Ta rufe ido ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ciki.

To abokina, saƙon da na zo da shi ke nan. Mace ce yake ɗauka, mara lafiya, sau biyu a mako, kuma ta isa gida. Bakwai ɗin sun cika, babu sauran naka ko ɗaya mai tsaga a kan titi. Kuskuren kunnena ne, na faɗa a nan don kowa ya sani, kada a jingina maka shi bayan ba ka nan.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Duk wanda ya sauka gangaren nan lafiya a kan aikin hannunsa, da wanda ya san shi da wanda bai san shi ba, Ka sa a mizaninsa. Ka yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba, ni ma Ka yafe mini nawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, da babbar 'yarsa da ƙannenta uku, da jikoki, da 'yan'uwa, da dukan masu keke na tasharmu da na sauran tashoshi. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu da muka rage a kan hanya, Allah Ya sauke mu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.